Yadda ake riƙon tsohon Yamaha XT500, da yadda ake sayar da shi

Masu tare ni a Jega suna tambayar ko babur ɗina na sayarwa ne sun yi yawa, kuma yawancinsu kuɗin tsohon Boxer suke tayawa. To, ga bayani ga duk wanda Allah ya sa irinsa ya faɗo hannunsa.

Fara da sanin abin da kake riƙe da shi. Yamaha ta fito da XT500 a 1976, ta ci gaba da ƙera shi har 1989. Da shi Cyril Neveu ya ci tseren Faris zuwa Dakar na farko a 1979, ya maimaita a 1980, kuma tseren na 1979 ta Agadas da Yamai ya bi, nan maƙwabtanmu. Wannan tarihin shi ne rabin kuɗin babur ɗin. Ɗaya rabin kuwa, a same shi yadda kamfani ya yi shi.

A nan mutanenmu ke kwafsawa. Mutum ya ga tanki ya koɗe, sai ya kai wa mai fenti ya watsa masa ja mai walƙiya, ya sa a yanke sili, wato mazaunin babur, a yi masa sabuwar riga, yana ganin ya gyara. Wallahi ya rage masa daraja ne. Mai neman irin wannan babur ya fi son koɗaɗɗen fentin asali da 'yar lotsawarsa. In dole ta sa ka canza wani abu, kafireta ce ko salansa ko fitila, kada ka bari yaran gareji su haɗa tsohon da kayan gwangwan. Sa shi a buhu ka ajiye, tare za a saye su.

Sai zaɓen bakanike. Wanda ya saba da baburan kabu-kabu zai nemi wurin zuba baƙin mai a jikin inji, alhali na XT500 a cikin ƙarfen firam yake zama, murfinsa na gaban tanki. Ba a auna shi sai inji ya ɗan yi aiki, in ba haka ba ka ga kamar babu, ka ƙara, ya yi yawa. Wutar na farko-farkon kuma bolt 6 ce, kada a cusa masa batir mai 12. Ba shi da sitata, kik ne kawai, kuma akwai ɗan hannu a kan sitiyari da ake matsawa a sassauta ƙarfin fistin kafin a taka. Wanda bai iya ba, kik ɗin zai dawo ya buge masa ƙafa. Lokacin hunturu ka riƙa wanke matatar iska akai-akai, ƙurar Kebbi ba ta da tausayi.

In ka tashi sayarwa, takardu ne gaba. Lambar firam tana wuyan babur, ta inji tana jikinsa, su dace da juna da abin da ke takarda. Yawancin na ƙasashen Turai da 1U6 suke farawa. In ta Kamba ko Lolo ya shigo, takardar biyan kwastam ba abin wasa ba ce, babu mai hankalin da zai ɗauke shi zuwa Abuja ba tare da ita ba.

Mai sayensa ba ya kasuwar Jega. Yana Abuja, ko Legas, ko Yamai, a Facebook za ka same shi. Ɗauki hotuna da rana, har da inda ya yi tsatsa, sannan ka yi bidiyo kana dafa injin da hannu a ga sanyi yake kafin ka tayar. Dillali in zai shiga, a yanke la'adarsa tun farko. Ni ban yarda a zagaya da babur ba sai kuɗi sun zauna a asusuna, ba saƙon alat kaɗai ba.

Kuma a halin tsaron da ake ciki, musamman ta wajen Zuru, ka san wa kake miƙa wa makulli. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, ka riƙe kwafin katin shaidarsa, sannan a ɗora babur a mota a kai masa, a zuƙe fetur ɗin tankin kafin a ɗaure.