Giyar hannu ko otomatik: shawara ga mai barin Zariya zuwa Turai ko Amurka

Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, da likitocin Shika, da yawansu da Golf ko Fijo 406 suka koyi tuƙi tsakanin Samaru da PZ. Sun taso da cewa mota mai giyar hannu ita ce ta rufin asiri: ba ta shan mai, kowane bakanike a Sabon Gari ya san kanta, in batir ya mutu a tura ta ta tashi. A Zariya lissafin daidai ne. A waje kuwa ƙasar da ka sauka da irin lasin da za ka karɓa su ne za su zaɓa maka mota.

Batun Amurka da Kanada gajere ne. Sababbin motoci masu giyar hannu da ake sayarwa a Amurka ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma yawancinsu na masu sha'awar gudu ne. Kada ka wahalar da kanka da nema. Ko ka samu, ranar da za ka sayar sai ka daɗe kana jiran mai saye. Ka nemi Corolla ko Camry otomatik ka huta.

A Ingila ne ake tafka kuskure. Lasin Najeriya yana aiki wata 12 kacal daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba a musanya shi da nasu. Dole ka karɓi lasin koyo daga DVLA, hukumar da ke ba da lasin tuƙi, fam 34 ta intanet, ka ci jarrabawar ƙa'idoji ta fam 23, sannan ta tuƙi ta fam 62 a ranakun aiki. Layin jarrabawar tuƙin yakan ɗauki watanni, don haka ka fara nema tun watanninka na farko. Ga inda gizo ke saƙar: in da otomatik ka ci jarrabawa, za a buga lamba 78 a bayan lasinka, ma'ana otomatik kaɗai aka yarje maka. Aka kama ka da mai giyar hannu, laifi ne da ke jawo makin hukunci 3 zuwa 6 a kan lasinka da tarar da za ta iya kai fam 1,000, kamfanin inshora ma yana iya zame jiki. Sabon direban da ya tara maki 6 cikin shekara 2 na farko ƙwace lasin ake yi. Wanda ya ci da giyar hannu kuwa, duka biyun nasa ne.

Tun 2020 sababbin otomatik suka zarce masu giyar hannu a kasuwar Ingila, motocin lantarki da masu haɗa fetur da batir irin Prius kuma duk otomatik ne. Amma sabon zuwa ba sabuwar mota zai saya ba. A cikin tsofaffin ƙanana masu araha, su Fiesta da Corsa da Polo da Yaris, giyar hannu ce ta fi yawa, otomatik ɗinsu kuma ta fi tsada. Shi ya sa muke cewa wanda hannunsa ya riga ya faɗa da kuloci, ya yi jarrabawa da giyar hannu. Sai dai ya tuna ta hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama. Sitiyari na dama, da hannun hagu ake sa giya, amma kuloci da birki da totur suna nan a jerinsu. Darasi kaɗan da malamin tuƙi zai gyara hannun, musamman a shataletale. Wanda bai taɓa tuƙi ba kuma aiki na jiransa, otomatik ta fi saurin koyo, ya dai san abin da ya sarayar.

Jamus wata 6 take ba lasin waje. Tun Afrilun 2021 akwai tsarin B197: ka yi jarrabawa da otomatik, amma ka ɗauki darasi aƙalla 10 na minti 45 da giyar hannu, da gwajin minti 15 tare da malaminka, sai a ba ka lasin da ba shi da takunkumi.

Ranar duba mota, in mai giyar hannu ce, ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali ka taka totur sosai. Injin ya ɗaga murya mota ba ta ƙara gudu ba, faifan kuloci ya cinye. Haka in sai ƙafa ta kusa ɗagowa gaba ɗaya kafin mota ta motsa. Faifan ba shi ne tsadar ba, kuɗin aiki ne, don sai an sauke akwatin giya, kuma bakaniken can da awa yake caji. Fam ɗaruruwa ne.

Otomatik kuma iri-iri ce. Wajen duba ta, ka taka birki ka sa D ta gaba, sannan R ta baya. Ta yi jinkiri fiye da daƙiƙa biyu ko ta buga, ka bar musu kayarsu. In akwai sandar auna man giya ka zaro: ja ne mai kyau, baƙi mai warin ƙuna alamar giyar ta sha zafi. Irin otomatik da ake kira CVT da bel take aiki, tana da nata mai na musamman, a zuba mata na gama-gari ta lalace. Giyar DSG ta Volkswagen mai kuloci cikin mai tana son canjin mai duk mil 40,000, ka nemi rasit ɗin canjin a takardun sabis. Focus da Fiesta na Amurka masu giyar PowerShift, na wajen 2012 zuwa 2016, sun yi suna da karkarwa har aka kai ƙara kotu, gara ka kauce musu. Kuma otomatik ba a tura ta ta tashi, sai ka ajiye wayar haɗa batir a but tun kafin sanyi ya shigo.