Inda masu hasashen ajin sabuwar ƙabila a World of Warcraft suka fi zamewa

Duk sanda kamfanin Blizzard ya leƙo da sabuwar ƙabila a wasan kwamfutarsa na World of Warcraft, tun ba a gama haska bidiyon ba za ka ga mutane sun fara jera lissafin ajin (wato salon faɗa) da za a ba ta, wannan dole ta samu Druid, waccan ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta zama Paladin ba, wani har da rantsuwa. Nima na yi ta yi kuma na sha kunya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne riƙe tarihin cikin wasan kamar wani abu da ba ya taɓuwa. Ai masu wasan ne suka rubuta shi, kuma alƙalamin yana hannunsu har gobe. A 2004 da wasan ya fito, Paladin na ɓangaren Alliance ne kaɗai, Shaman kuma na abokan gabarsu Horde, kowa ya ɗauka an gama magana. Sai ga ƙarin wasan mai suna The Burning Crusade a 2007, aka ƙetare layin, aka ba Blood Elf Paladin aka ba Draenei Shaman, kuma labarin da aka ɗora a kai shi ne wai Blood Elf sun kama wani naaru, wato halittar haske, mai suna M'uru suna tatsar hasken jikinsa da ƙarfin tsiya. A 2010 lokacin Cataclysm aka ce Tauren, masu siffar shanu, su ma za su yi Paladin, mutane suka yi ta dariya wai saniya da sulke, sai aka fito da Sunwalkers masu girmama rana, An'she, shikenan zance ya ƙare. Night Elf da suka shekara dubbai suna ƙyamar tsafin Mage, a wannan shekarar dai aka dawo musu da Highborne, tsoffin matsafansu, aka ce to ga malamai nan ku koya. Don haka ka daina tambayar "tarihi ya yarda?", tambayi kanka ko marubuci zai iya kare abin da sakin layi biyu. In zai iya to ƙofa a buɗe take, kuma gaskiya kusan kullum zai iya.

Abin da ya fi tarihi nauyi, wanda masu hasashe ba sa son kallo don ba shi da daɗin musu, shi ne yawan aikin zane. Druid ba suna kawai ba ne da za a ƙara a jeri, kowace ƙabila sai an zana mata nata siffofin, na kyanwa, na beya, na mujiyar nan mai jifa da wata, na gudu, na tashi sama. Ka duba Zandalari, nasu siffofin duk irin dainaso ne, na Kul Tiran kuma kamar an sassaƙa su da itace da ƙashi, su Highmountain har da ƙahonsu a kai. Wannan aikin watanni ne na masu zane, shi ya sa kafin zuwan ƙabilar Haranir ƙabilu bakwai kacal ke da Druid. Shaman ma sai an yi masa nasa turakun da yake kafawa a ƙasa, Paladin kuma da nasa abin hawa, Tauren kodo, Draenei elekk, Zandalari direhorn. Yanzu ka kwatanta da Mage da Priest da Rogue waɗanda ba sa buƙatar komai sabo, a ƙarshen 2022 dab da fitowar Dragonflight haka kawai aka raba su ga ƙabilun da ba su da su, Warlock ya biyo baya a Yulin 2023. To in za ka yi hasashe ka fara da masu arha: Warrior, Hunter, Mage, Priest, Rogue, Warlock, waɗannan kusan kyauta ne yanzu, ba abin yabo ba ne in ka cinka su daidai. Ainihin musun yana kan Druid da Shaman da Paladin, nan ake gane wanda ya san wasan.

Maganar Warlock ɗin nan ma ita ta ci min kuɗi. Akwai wani abokina da muke buga wasan tare, wani dare muna zaune a wajen mai shayi yana latsa waya sai ya ce min yana jin Lightforged Draenei ma za su samu, na ajiye kofi na ce masa kai wallahi ba ka san wasan ba, mutanen da suka shafe dubban shekaru suna yaƙi da aljanun Burning Legion, haske har fita yake daga goshinsu, su ne za su riƙa yawo da aljani a gindinsu? Muka ƙulla a kan tsire. Sabuntawar wasan ta 10.1.5 na sauka ya turo min hoton nasa Lightforged ɗin tsaye da ɗan ƙaramin aljani a gefe, ko kalma ɗaya bai rubuta ba. Na sayi tsiren, har da ƙarin yaji.

Sai masu cewa "ai na ga wani a cikin wasan". Ganin mutum ɗaya daga cikin waɗanda kwamfuta ke juyawa ba hujja ba ce. Tun Legion a 2016 akwai Delas Moonfang, Night Elf ce da ta koma Paladin a idon kowa, mutane suka ce shikenan an kusa, amma har The War Within ta fito a 2024 ba a ba ’yan wasa ba. In ka ga ƙungiya guda mai suna da malamai da wurin zama, kamar Thornspeakers da Tidesages na Kul Tiras, to wannan alama ce mai ƙarfi. Mutum ɗaya tilo kuwa ado ne kawai.

Wani kuskuren shi ne kwafe jerin uwa a liƙa wa ’ya. Void Elf daga Blood Elf suka ɓalle amma ba su zo da Paladin ba. Highmountain Tauren ne su ma, babu Paladin. Kul Tiran mutane ne kamar na Stormwind amma aka hana su Paladin aka ba su Druid da Shaman waɗanda ’yan Stormwind ba su da su, Zandalari kuma suka samu Paladin alhali Troll na asali ba su samu ba. Da gangan ake sa bambancin don ka ji dalilin buɗe sabuwar, saboda haka nemi abin da za a cire da abin da za a ƙara.

Akwai kuma batun lokaci, wannan kam ’yan kaɗan ne ke tunawa. Da Monk ya fito a 2012 Worgen da Goblin ba su samu ba, bayanin da aka fi bayarwa shi ne farkon labarinsu a rufe yake a zamanin Cataclysm, kafin Pandaren su fito duniya su koyar da kowa, sai a 2023 aka gyara. Death Knight ma haka, Arthas, sarkin matattu na wasan, shi ya tayar da na farkon da ’yan wasa ke bugawa, to wanda bai shigo labari ba a lokacin fa? Pandaren da ƙabilun ƙawance sai a farkon 2020 suka samu, da aka ce Bolvar, magajin Arthas, ya tayar da sabbi. Earthen a 2024 sun zo da Paladin da Shaman amma babu Death Knight. Kafin ka sa Death Knight ko Demon Hunter a jerinka ka tambaya waye zai tayar da su, ko waye zai koya musu, kuma yaushe.

Sannan don Allah ku riƙa faɗin hasashen ranar fitowa kuke yi ko na nan da shekara biyu, rabin faɗan da ake yi daga nan yake. Dracthyr a 2022 Evoker kaɗai suke yi, a Oktoban 2024 aka ƙara musu aji shida lokaci guda. Blood Elf ma shekara kusan huɗu suka yi babu Warrior. Wanda ya ce a'a da wanda ya ce e duk sun yi daidai, suna can suna zagin juna a banza.

Na ƙarshe shi ne hotunan nan da ake turowa wai an tono daga fayil ɗin sabar gwaji. Wasu na gaske ne amma abin da ke sabar gwaji yana iya canzawa kafin ya iso, wasu kuma wani ne ya zauna da Photoshop. Ka duba ko Blizzard da kanta ta rubuta jerin a shafinta, in ba ta rubuta ba ka yi musunka ka more amma kar ka goge tsohon gwarzonka don samar da gurbi, kuma kar ka sayi canjin ƙabila tun yanzu ka ajiye, da dala ake biya.