Yadda ake shirya bikin Kirsimeti a cikin jirgin ruwa a tafkin Lagdo

Da zarar Disamba ta kama, sai ka ji matasan wata majami'a ko ƙungiyar mata a Garwa, a arewacin Kamaru, sun ce bana a kan ruwa za su ci Kirsimeti. Shawara ce mai kyau, kuma Lagdo ta dace da ita. Tun da 'yan Sin suka kammala madatsar ruwan a kan kogin Binuwai a 1982, tafkin ya bazu har ya haura murabba'in kilomita 500, ga duwatsu a gefe, ga tsibirai, ga kifi sabon kamu. Daga Garwa ba wata doguwar tafiya ba ce, da safe za a tashi a dawo da yamma. Sai dai yawancin masu shiryawa kan kwashe mako biyu suna gardamar anko da yawan shinkafar da za a dafa, maganar jirgi kuwa sai an isa bakin ruwa. Ta nan abin yake lalacewa.

Ka fara da jirgin. Mako guda kafin ranar, mutum biyu su je Lagdo da ƙafarsu, ban da cinikin waya. Ku fara gaida shugaban masu jirgi na tashar, ku gaya masa ko ku nawa ne da inda kuke son zuwa, ku tambaye shi ko akwai buƙatar sanar da jandarmomi. Shi zai nuna muku matuƙin da ya san ruwan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tafkin daji ne da ruwa ya cinye, akwai wuraren da kututture ke laɓe a ƙarƙashi, wanda ya saba ne kawai ya san su. In an nuna muku jirgin, ku shiga ciki ku duba ƙasansa. Ɗan damshi ba komai, jirgin katako ne. Amma in kun tarar da ruwa har idon sawu, mai shi yana cewa na jiya ne, ku gode masa ku nemi wani. A tayar da injin a gabanku. A nuna muku filafilan tuƙi, da yankakkiyar jarkar da ake kwarfe ruwa da ita.

Ciniki a yi shi na wuni guda, har da zaman jira, kuma a faɗi wanda zai sayi mai. Ni dai ba na yarda da zuwa-zuwa, wato man fetur na bakin titi, a irin wannan tafiya. Ya fi arha, gaskiya ne, amma in aka dace da wanda aka gauraya, a tsakiyar tafki injin zai ɗauke, can kuwa babu bakanike. Ku saya a gidan mai, da ƙarin jarka ɗaya. A ba matuƙi rabin kuɗinsa kafin alƙalami, sauran sai an sauka.

Sai lokaci. Ƙarshen Disamba tsakiyar hunturu ne: sanyi da sassafe, hazo wani lokaci har ba ka ganin ɗaya gaɓar, iska kuma in ta taso tana tayar da igiyar ruwa fiye da yadda baƙo yake zato. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, don haka ƙarfe 4:30 ya same ku a tudu. Matsalar ita ce sujadar ranar 25 ba ta ƙarewa da wuri, ga waƙoƙin ƙungiya-ƙungiya, ga baiko, ga gaishe-gaishe a ƙofar majami'a. Wanda ya fito ƙarfe ɗaya ya ce zai kama hanyar Lagdo, hoto kawai zai je ɗauka. Ko dai ku yi sujadar daren 24 ku tashi da sassafe, ko ku ɗaga fitar zuwa Asabar mai zuwa. Kuma in matuƙi ya dubi sama ya ce yau ba a shiga, to ba a shiga, ko da an riga an soya kajin.

Yanzu ga inda na fi ganin ana faɗuwa: lodi.

In ka tambayi mai jirgi mutum nawa yake ɗauka, lissafin ranar kasuwa zai ba ka, inda kowa ke zaune a takure ba ya motsi. Masu biki kuwa motsi suke yi. In ya ce 20, ka rubuta 14, sauran gurbin na kuloli ne da tukwane da katan ɗin lemo da jarkar mai. A rubuta sunaye tun a gida, a rufe takardar. Ranar tafiya sai ka ga an ƙaru: wannan ta zo da ƙanwar mijinta, wancan ya zo da abokinsa na makaranta, wata kuma da 'ya'ya uku na maƙwabta. Za a dafa kafaɗarka a ce, "Haba ɗana, ai yara ne, wane nauyi gare su?" Amsar ita ce, "Mama, ki yi haƙuri, sai dai a yi sawu biyu." Kunya ce ke cika jirgi, shi ya sa mai riƙe da takardar ya zama wanda ba ya jin nauyin cewa a'a, ko da Baba Fasto ne ya roƙa. In jama'a sun yi yawa, ku ɗauki jirgi biyu su tafi tare. Kuɗin ya ninka, amma in ɗaya ya sami matsala ga ɗan'uwansa kusa.

Kaya masu nauyi su fara shiga, a shimfiɗe su a ƙasa, a tsakiya. Jarkar mai can baya wajen matuƙi, nesa da mai shan taba. Sannan mutane, ɗaya bayan ɗaya, matuƙi ne ke nuna wa kowa wurinsa, manya a raba su dama da hagu, yara a tsakiya, kowane yaro da babban da aka ɗora wa alhakinsa da suna. Bayan kowa ya zauna, ka leƙa gefen jirgin. In tsakanin ruwa da bakin katako bai wuce taƙi guda ba, a sauke wani abu ko wani.

Kafin a tayar da inji, a faɗi doka da babbar murya: babu mai miƙewa tsaye. Na ga jirgin da ya karkata har ruwa ya kwararo ciki ya jiƙa tiren cincin, ba iska ba, ba kututture ba, wani yaro ne kawai ya yi ihu "ga dorina!" sai kowa ya ruga gefe guda da waya a hannu. Haka in aka ɗauko waƙar da kowa ke so, ƙafa takan motsa da kanta. A yi tafi, a kaɗa kai, a girgiza caki a zaune. Rawa sai an taka ƙasa. Babbar lasifika ma a bar ta a gida, domin dole a riƙa jin muryar matuƙi.

Rigar kariya ta ruwa, ba kowane mai jirgi ke da isassu ba, wani ma babu ko ɗaya. Ku tambaya tun ranar ciniki, ku yi haya ko aro. A saka ta a ɗaure, ba a zauna a kanta don laushi ba. Ta manya ba ta yi wa yaro, sulluɓewa take yi ta kansa.

Abinci, a dafa komai a gida. Ba wuta a cikin jirgi, ko ɗan kurfoti. Dafa-duka ta fi shinkafa da miya, don miya zuba take yi. Soyayyar kaza, cincin, zoɓo mai sanyi da ruwan sha mai yawa sun isa. In za ku gayyaci maƙwabta Musulmi, kamar yadda aka saba, a ba Musulmi ya yanka kajin, kuma a tsara tsayawa ta zo daidai da azahar. Ainihin cin abincin a tudu za a yi shi, a tsibiri ko gaɓar da matuƙi ya zaɓa. In ƙauyen masunta ne, ku fara gaida mai unguwa kafin a shimfiɗa tabarma, ku sayi karfasa ko giwan ruwa a hannunsu a gasa muku a nan. Ya fi na kasuwar Garwa arha da daɗi. Giya da bilbil, wato burkutu, kuwa ba su shiga jirgin da na shirya. Mai so ya jira a koma gida.

Dorina akwai ta a Lagdo, kuma ba abar wasa ba ce, balle mai ɗa. Kada wani ya matsa wa matuƙi ya kusance ta don hoto. Kada a doshi bakin madatsar. Wanka ma a hana yara, ko a wurin da ba zurfi, saboda tsargiya.

Sauran duk kun san shi: addu'a, karatun haihuwar Yesu daga Luka sura 2, waƙoƙi, raba wa yara kyauta. Wayoyi a ƙulle su a leda. A kwashe robobi da ledoji a buhu a dawo da su. Wajen dawowa a sake kiran suna daga takarda, kowa ya koma wurin zamansa na farko, sannan a cika wa matuƙi kuɗinsa a tudu, a haɗa masa da kwanon abinci na iyalinsa.