Yadda ake haɗa tarihin kujerar mataimakin firaminista: aikin ɗalibi da malamin Gwamnati

Ɗalibin da ke kwalejin ilimi ta Gumel ko jami'ar Kafin Hausa, ko malamin darasin Gwamnati a sakandaren ƙauye, in aka ba shi aikin tarihin wannan kujera, abin da ya fi saurin yi shi ne ya kwafo jerin sunaye daga waya ya miƙa. Jerin sunaye kuwa bai isa tarihi ba. Abin nema shi ne me doka ta ce a kan kujerar, yaushe ta zauna babu kowa, kuma ina masu ita suka nufa da suka sauka. Singapo za mu ɗauka misali, don ƙarama ce kuma zancenta bai wuce daga 1959 ba.

A fara da tsarin mulki. Ranar da aka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, a sauke kundin tsarin mulkin ƙasar a waya gaba ɗaya, don a karanta a gida ko babu data. A nemi sashen majalisar ministoci a ga ko an ambaci kujerar. A Ailan, alal misali, sashe na 28 na kundin 1937 ya wajabta wa firaminista ya naɗa mataimaki, wanda suke kira Tánaiste, shi ke riƙe aiki in firaminista ya rasu ko ya yi tafiya. A Birtaniya kuwa ganin damar firaminista ne, shi ya sa akan yi shekaru babu kowa a kai. Wanda bai tantance wannan ba, duk abin da ya rubuta daga baya zai karkace.

Sai a sami littafin rubutu, a buɗe tsakiyarsa, a ja layi shida daga sama zuwa ƙasa da rula: suna, ranar rantsuwa, ranar sauka, firaministan da ya yi wa aiki, ma'aikatar da ya haɗa da ita, da inda ya koma. Da fensir za a cike, don za a yi gyara. Kowace rana a duba ta a wuri biyu kafin a bi ta da biro, domin jaridu kan kawo ranar sanarwa, ba ranar rantsuwa ba.

Layi na biyar shi ne mai nama. Mataimaki ba ya zama haka kawai, ƙarfinsa yana ga ma'aikatar da ke hannunsa. Goh Keng Swee ya haɗa da tsaro, daga baya ilimi. Lee Hsien Loong, Tharman Shanmugaratnam, Heng Swee Keat da Lawrence Wong duk sun riƙe kuɗi suna mataimaka. Ɗalibin da ya lura da wannan ya sami abin rubuta shafi guda cur.

Daga nan a haɗa kwali biyu da gam, a ja dogon layi, kowace shekara santimita 1. Daga 1959 zuwa 2025 santimita 66 ke nan. A nan ne giɓi ke fitowa fili: Toh Chin Chye ya riƙe daga 1959 zuwa 1968, sai kujerar ta zauna wayam har 1973 da aka naɗa Goh Keng Swee. A bar wurin fari, kada a ja layin wani a rufe shi don ya yi kyau. A yi alama da jar biro a 1963 da 1965, shigar Singapo cikin Malesiya da fitarta, saboda Toh ya fara aiki ƙasar ba ta da cikakken 'yanci. A kuma bar fili na layi biyu, domin daga 1980 an yi ta samun mataimaka biyu lokaci guda, farawa da Goh Keng Swee da S. Rajaratnam. Mai layi ɗaya zai ga shekaru suna hawa kan juna ya zaci kuskure ne.

Sunaye ma suna kayar da mutane. A sunan Sinawa na dangi ne ke gaba. Lee Hsien Loong ɗan Lee Kuan Yew ne, firaministan Singapo na farko, gaskiya, amma Goh Chok Tong ba ɗan Goh Keng Swee ba ne. Kada a rubuta "Goh" shi kaɗai a ko'ina.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar mataimaki a matsayin magaji. Kamar Ciroma ne a masarauta, yana kusa amma ba a yi masa alkawari ba. Uku ne suka hau kujerar firaminista: Goh Chok Tong a 1990, Lee Hsien Loong a 2004, Lawrence Wong a 2024. Wasu ukun, Ong Teng Cheong, Tony Tan da Tharman, shugaban ƙasa suka zama, a 1993, 2011 da 2023. Heng Swee Keat kuwa kowa ya ɗauka shi ne na gaba, sai a 2021 ya janye da kansa, ya ci gaba da zama mataimaki har 2025.

In 'yan aji suka tambayi na gida, a raba musu mataimaki da mai riƙon ƙwarya. Zanna Bukar Dipcharima da ministoci suka gabatar a Janairun 1966, bayan sojoji sun tafi da Tafawa Ɓalewa, riƙon ƙwarya aka nema masa, don haka sunansa ba ya shiga irin wannan jadawali.