Yadda Za Ka Gano Dalilin Karkarwar Mota Idan Ka Taka Birki

Ka fara gwaji a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, kamar hanyar Maradi zuwa Tasawa. Ka kai gudun kilomita 80, ka taka birki a hankali. Idan sitiyari ne ke rawa a hannunka, matsalar tana diskin gaba, wato faifan ƙarfen da birki ke matsewa a cikin taya. Idan a kujera ka ji ta, duba baya. Motar da ke karkarwa tun ba a taɓa birki ba, tayarta za a daidaita.

Diski yakan lalace idan ya yi zafi sannan aka faɗa da shi cikin ruwan damina, ko yashi da tsatsa suka maƙale a mazauninsa, ko aka ɗaure notocin taya barkatai. Wannan na ƙarshen yakan faru a garejojinmu. A ɗaure su ɗaya a tsallake ɗaya, da ƙarfi iri guda.

Bayan tafiya, kusanto da hannu kusa da kowace taya. Wadda ta fi takwararta ta ɗaya gefen zafi sosai, birkinta ne ya maƙale. Bakanike ya auna kaurin diskin; mafi ƙarancin awon yana rubuce a jikinsa. In ya gaza haka, a canza na dama da na hagu tare da takalman birki.