Idan ka hango baƙon haske a sama

Jama'a, ga 'yar shawara ga duk wanda ya ga wani haske a sama da dare ya rasa gane kansa. A Amurka akwai ƙungiyoyin sa-kai da suka duƙufa kan irin wannan, kamar MUFON da aka kafa a 1969, da NUFORC wadda ta fara a 1974. Suna karɓar rahoto, su tantance, su adana shi a kundi.

Abin da masu binciken ke fara nema shi ne lokaci. Duba agogo nan take, ka rubuta awa da minti, da inda kake tsaye, da ɓangaren da ka fuskanta, gabas ne ko yamma. Kada ka bari sai gari ya waye, don tunani yakan yi ƙari. In kuna da yawa, kowa ya rubuta nasa kafin ku fara hira.

In za ka ɗauki bidiyo, kada ka jawo hoton kusa, sai ya koma ɗigon haske mai rawa. Bar bishiya ko rufin gida a ciki, ka jingina wayar da bango.

Sannan ka fara zargin Zara tukuna, don ta sha ruɗar mutane da haskenta bayan magariba. Fitilu a jere suna tafiya shiru kamar ayari kuwa, galibi taurarin ɗan'adam ne na Starlink, waɗanda tun 2019 ake harba su rukuni-rukuni. Manhajar Stellarium, mai taswirar taurari, za ta nuna maka abin da ke wannan ɓangaren na sama a daidai wannan mintin.