Yadda ake haɗa na'urar auna zafi da PLC ta Modbus RTU

PLC ita ce kwamfutar da ke sarrafa injuna a masana'anta, Modbus kuwa ƙa'ida ce ta musayar saƙo tsakanin na'urori, RTU kuma nau'inta ne da ke bi ta waya kamar RS-485. Kamfanin Modicon ne ya fito da Modbus a 1979, kuma har yau masana'antu na dogara da ita.

1. Kashe wuta tukuna.

2. Ɗauki wayar RS-485 mai igiya biyu a murɗe, ka haɗa mahaɗar A ta kowace na'ura da A, B da B. Wayar ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi mata rassa. Wasu kamfanoni kan juya sunayen igiyoyin, saboda haka in na'ura ba ta amsa ba, musanya su.

3. Sa rezisto (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) mai ohm 120 a kowane ƙarshen layin.

4. Bai wa kowace na'urar auna zafi lambarta ta adireshi, tsakanin 1 da 247, ba maimaici.

5. Saita gudun aika saƙo (baud) ɗaya ga duk na'urorin. In layin gajere ne, ɗaga shi daga 9600 zuwa 19200.

6. Nan na fi so ka kula, domin nan jinkiri yake ɓuya. Bayan kowane saƙo sai layin ya yi shiru na tsawon lokacin aika haruffa uku da rabi, to tambayar rajista (gurbin da na'ura ke ajiye ƙimar da ta auna) ɗai-ɗai ɓata lokaci ne. Da umarnin Modbus mai lamba 03 za ka karanta rajista har 125 masu jere a tambaya guda.